Amurka: Kasuwannin manoma da ciyar da yara a lokacin dogon hutu

A duk ranar karatu, yara kimanin miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makarantun Amurka a ƙarƙashin wani shiri na gwamnatin tarayya. Fiye da kashi biyu cikin uku na wannan abinci ana ba da shi ne kyauta, ko kuma bisa rangwamen farashi, ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

Sai dai shekarar karatu a ƙasar kwanaki 180 ce ko kusa da haka. Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Mayu ko cikin watan Yuni, sai a sauke wannan tukunya daga murhu har na tsawon makonni goma ko fiye, nauyin ya koma kan iyaye kacokan.

Wannan dogon hutu yana faɗowa ne a lokacin da Amurkawa ke kira bazara, wato daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da damina ke kankama a ƙasar Hausa. Lokaci ne kuma na kakar kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a mafi yawan jihohin ƙasar, inda kasuwannin manoma ke cika suna batsewa da tumatir da kankana da ɗanyar masara. Don haka ne hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna neman hanyar haɗa abubuwan biyu: yaron da ya rasa abincin makaranta, da manomin da ke neman mai saye.

Yunwa a ƙasa mai arziki

Mai karatu zai iya mamakin jin ana batun yunwa a ƙasar da ke sayar wa duniya alkama da masara da waken soya. Yunwar da ake nufi dai ba irin ta lokacin fari ba ce, wadda ke kwantar da yara a asibiti da tamowa. Abin da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta riƙa aunawa shi ne rashin tabbacin abinci: gidan da kuɗin cefane ke ƙarewa kafin ƙarshen wata, ko uwar da ke haƙura da nata rabon domin yara su ci, ko kuma iyalin da ke komawa ga abinci mafi araha ko da ba ya gina jiki.

Alƙaluman ma'aikatar na shekarar 2023 sun nuna cewa kashi 13.5 cikin 100 na gidajen ƙasar sun shiga irin wannan hali a wani lokaci cikin shekarar. Mutane miliyan 47.4 ne ke zaune a waɗannan gidaje, miliyan 13.8 daga cikinsu yara ne. A shekarar 2021, lokacin da gwamnati ke raba tallafin annobar korona, adadin gidajen bai wuce kashi 10.2 cikin 100 ba.

Wani abin da ke ɗaure kai shi ne, rashin abinci da ƙiba suna tafiya ne kafaɗa da kafaɗa. Kusan yaro ɗaya cikin biyar a Amurka na fama da ƙiba fiye da kima, kuma matsalar ta fi ƙamari a gidajen talakawa, domin lemun kwalba da soye-soyen leda sun fi kayan marmari araha da sauƙin samu. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan 'yan makarantar firamare ya gano cewa yara sun fi saurin ƙara nauyi a lokacin dogon hutu fiye da lokacin karatu. Ke nan batun ya wuce cika ciki kawai, akwai kuma tambayar da me aka cika shi.

Daga barikin soja zuwa ɗakin karatu

Shirin ciyar da 'yan makaranta ya samo asali ne daga yaƙin duniya na biyu. A shekarar 1945, Janar Lewis Hershey, wanda ke shugabantar hukumar ɗaukar sojoji, ya shaida wa Majalisar Dokokin Amurka cewa an mayar da samari masu yawa gida saboda larurorin da ke da nasaba da rashin abinci mai gina jiki tun suna ƙanana.

Ranar 4 ga watan Yunin 1946 shugaba Harry Truman ya rattaba hannu a kan dokar abincin rana a makarantu. Dokar ta bayyana shirin a matsayin wani mataki na tsaron ƙasa. Tana kuma da manufa ta biyu, wadda ba a cika ambata ba: samar wa manoma kasuwar rarar amfanin gonarsu. Wannan ne ma dalilin da ya sa har yanzu Ma'aikatar Aikin Gona ce ke riƙe da shirin, maimakon ta ilimi ko ta lafiya.

A 1966 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta ƙara karin kumallo bisa gwaji. Shekara guda bayan haka Sanata Robert Kennedy ya ziyarci ƙauyukan baƙar fata na jihar Mississippi, inda ya tarar da yara cikin yunwar da ba a zaci akwai irinta a ƙasar ba. A 1968 kuma gidan talabijin na CBS ya nuna wani shiri a kan yunwa a Amurka wanda ya tayar da hankalin jama'a.

A wannan shekara ta 1968 ne majalisa ta amince da wani shirin gwaji na shekaru uku domin ciyar da yara a wajen lokacin karatu. A bazarar 1969, yara kimanin 99,000 ne suka ci abinci a wurare 1,200. A 1975 aka ware ɓangaren bazara ya zama shiri mai zaman kansa.

Bunƙasar da shirin ya yi cikin sauri ta zo da nata matsalolin. A tsakiyar shekarun 1970 masu binciken kuɗi na gwamnati sun bankaɗo almundahana a wasu manyan birane: ana karɓar kuɗin abincin da ba a raba ba, ana kawo wanda ya lalace, ana kuma zubar da mai yawa. Majalisa ta tsaurara dokoki a 1977, sannan a 1981, farkon mulkin shugaba Ronald Reagan, ta cire yawancin ƙungiyoyi masu zaman kansu daga jerin masu gudanar da shirin. Sai a 1989 aka sake buɗe musu ƙofa bisa wasu sharuɗɗa. Yawancin ƙa'idojin da ake kuka da su daga baya, tabon wancan zamani ne.

Yadda shirin ke aiki

Gwamnatin tarayya ce ke ba da kuɗi, jihohi su sa ido, sannan masu ɗaukar nauyi su dafa su raba. Waɗannan kuwa sun haɗa da hukumomin makarantu, da ƙananan hukumomi, da sansanonin hutu, da ƙungiyoyin agaji da na addini. Suna fara kashe kuɗinsu ne, daga baya gwamnati ta biya su bisa yawan kwanon da yara suka ci. A shekarar 2024 abin da ake biya kan kowane abincin rana dala 5 ne da 'yan kai, kuma a ciki ne za a fitar da kuɗin cefane da na ma'aikata da na sufuri.

Ana raba abincin a makarantu, da filayen wasa, da wuraren ninƙaya, da ɗakunan karatu na jama'a, da majami'u da masallatai, da harabar gidajen gwamnati masu sauƙin haya. A jihar Kalifoniya, ɗakunan karatu sun rungumi aikin tun daga 2013, yaro ya ci abinci ya kuma ari littafi. A wasu yankunan karkara tsofaffin motocin makaranta aka mayar ɗakin cin abinci na tafi-da-gidanka.

Duk yaron da bai wuce shekaru 18 ba zai iya zuwa ya ci a wurin da aka buɗe wa kowa, ba tare da cike takarda ko nuna shaida ba. Amma kafin a amince a buɗe irin wannan wuri, dole ne ya kasance aƙalla rabin yaran yankin sun cancanci abincin makaranta na kyauta ko na rangwame. Kafin 1981 kashi ɗaya cikin uku ake buƙata.

Cancantar kuwa ana auna ta ne da abin da gida ke samu. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, gida mai mutum huɗu da ke samun abin da bai wuce dala 40,560 a shekara ba, 'ya'yansa na ci kyauta. Wanda bai wuce dala 57,720 ba kuma yana samun rangwame, inda ba za a karɓi fiye da senti 40 a hannun yaro kan abincin rana ba. Kuɗin na iya zama kamar masu yawa ga wanda ya canza su zuwa naira ko sefa, amma a biranen Amurka da dama kuɗin haya kaɗai na iya lashe rabinsu.

Doka ta kuma fayyace abin da za a sa a kwano. Abincin rana sai ya ƙunshi madara, da nau'i biyu na kayan lambu ko 'ya'yan itatuwa, da burodi ko wani abincin hatsi, da nama ko abin da zai maye gurbinsa kamar ƙwai ko wake ko cuku. Yawancin wurare an yarda su ba da abinci sau biyu ne kawai a rana.

Ɗaya cikin bakwai

Duk da wannan tsari, shirin bai taɓa kai wa ga akasarin yaran da aka yi shi dominsu ba. Ƙungiyar FRAC mai bincike da fafutuka kan yunwa, wadda ke birnin Washington, ta ƙiyasta cewa a watan Yulin 2019 yara kusan miliyan 2.8 ne ke samun abincin rana na bazara a kullum. Wato ɗaya ke nan cikin kowane yara bakwai da ke ci kyauta ko bisa rangwame a lokacin karatu.

Babban abin da ake ɗora wa laifi shi ne sharaɗin cewa sai yaro ya zauna ya ci abincinsa a wurin da aka ba shi, a kuma lokacin da aka tsayar. An kafa sharaɗin ne domin tabbatar da cewa cikin yaron abincin ya shiga, da kuma kare shi daga lalacewa a zafi. Dalilin mai kyau ne, amma a aikace ya zama shinge. Motocin makaranta ba sa aiki lokacin hutu, iyaye suna wurin aiki, kuma a karkarar Amurka wurin rabon na iya kasancewa kilomita 20 ko 30 daga gida. Ba uwar da za ta ƙona mai na dala biyar domin kai yaro ya ci abincin dala biyar.

Sharaɗin rabin yaran yanki shi ma ya bar wasu a baya, domin talakan da ke zaune a unguwar masu hali ba ya da wurin zuwa kusa. Akwai kuma kunya, musamman ga 'yan shekaru 14 zuwa 18, waɗanda ba sa son abokansu su gan su a layin abincin kyauta.

Annobar korona ce ta gwada abin da aka daɗe ana muhawara a kai. A watan Maris na 2020 majalisa ta ba ma'aikatar ikon ɗage ƙa'idojin. Iyaye suka riƙa zuwa suna karɓar abincin kwanaki da dama a lokaci guda, motoci kuma na bin unguwanni. Yawan kwanon da aka raba ta wannan shiri ya tashi daga kimanin miliyan 142 a shekarar kasafi ta 2019 zuwa biliyan 1.3 a ta 2020, ko da yake wani ɓangare na ƙarin ya samo asali ne daga makarantun da suka yi amfani da shirin a watannin karatu da aka rufe azuzuwa.

A ƙarshen Disambar 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da sauye-sauye biyu na dindindin. Na farko, an yarda yankunan karkara su ba yara abinci su tafi da shi gida. Na biyu, an kafa shirin ba iyaye kati mai ɗauke da dala 120 kan kowane yaro, wato dala 40 a wata, domin cefanen hutu. Ana kiransa SUN Bucks. Tun daga 2011 aka fara gwada wannan dabara a wasu jihohi, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa ba da dala 60 a wata ya rage nau'in rashin abinci mafi tsanani a tsakanin yara da kashi ɗaya cikin uku.

Shiga shirin ba dole ba ne, kuma jiha ce ke biyan rabin kuɗin gudanarwa. A 2024, shekarar farko, jihohi 37 da birnin Washington da yankuna biyar da ke ƙarƙashin Amurka ne suka shiga, aka kuma yi ƙiyasin zai kai ga yara miliyan 21. Jihohi 13 da suka ƙi dukkansu gwamnoninsu 'yan jam'iyyar Republican ne. Gwamnan Nebraska Jim Pillen da farko ya ƙi, yana mai cewa bai yarda da rabon tallafi ba, daga baya ya sauya shawara a Fabrairun 2024. Gwamnar Iowa Kim Reynolds ta kafa hujja a lokacin da cewa katin ba zai magance ƙibar yara ba. A Oklahoma gwamnatin jiha ta ƙi, amma hukumomin ƙabilun Cherokee da Chickasaw, 'yan asalin ƙasar, suka gudanar da shi a yankunansu. Tennessee ta shiga a 2024 ta fice a 2025, a Texas kuwa gwamna Greg Abbott ya soke dala miliyan 60 da majalisar jihar ta ware domin shiga.

Kasuwar da ta ɓace ta dawo

Ga wanda ya tashi yana ganin kasuwar ƙauye tana ci duk mako, manomi ya kawo buhunsa ya sayar da hannunsa, zai yi wuya ya gane abin da ya sa Amurkawa ke ɗaukar wannan a matsayin abin burgewa. Dalilin shi ne sun taɓa rasa ta.

A da can kowane gari yana da tasa. Kasuwar birnin Lancaster a jihar Pennsylvania tana ci tun 1730. Ta Pike Place a birnin Seattle an buɗe ta ne a Agustan 1907, bayan jama'a sun fusata da tashin farashin albasa da sauran kayan miya, wanda suka ɗora wa dillalai. Amma zuwan firji da manyan motocin dakon kaya da manyan kantuna bayan yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da mafi yawan waɗannan kasuwanni. Yau waɗanda ke noma a Amurka ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba, kuma daga kowace dala da aka kashe kan abinci, kaso kaɗan ne ke komawa gona.

Farfaɗowar ta fara ne a shekarun 1970. A 1976 majalisa ta yi dokar ƙarfafa ciniki kai tsaye tsakanin manomi da mai saye, a shekarar ce kuma manoma 12 suka buɗe kasuwar Greenmarket ta farko a wani filin ajiye motoci na birnin New York. Ƙididdigar Ma'aikatar Aikin Gona ta nuna kasuwanni 1,755 a 1994, zuwa 2013 sun kai 8,144.

Yawancinsu sau ɗaya ko sau biyu suke ci a mako, na 'yan sa'o'i, a dandalin gari ko titin da aka rufe, daga Mayu zuwa Oktoba. Baƙi 'yan gudun hijira na da babban rabo a cikinsu. A birnin St. Paul na jihar Minnesota manoma 'yan ƙabilar Hmong da suka fito daga Laos ne ƙashin bayan kasuwa, a yankin Lewiston na jihar Maine kuma Bantu 'yan Somaliya na noma suna sayarwa.

Sai dai kasuwannin sun yi ƙaurin suna a matsayin wurin shaƙatawar masu kuɗi, kuma wani sauyi da gwamnati ta yi da kyakkyawar niyya ya ƙara dagula lamarin. Tallafin abinci na talakawa, wanda aka sauya wa suna zuwa SNAP a 2008, a da takardu ne da manomi zai iya karɓa kamar kuɗi. Zuwa 2004 dukkan jihohi sun koma amfani da kati. Manomin da ke tsaye a fili ba lantarki ba layin waya, ba shi da na'urar karanta kati, don haka masu tallafin suka daina zuwa.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne. Hukumar kasuwa ta sayi na'ura guda ta ajiye a teburi. Mai saye ya miƙa katinsa, a cire dala 10 ko 20, a ba shi kwandaloli na katako, ya zaga ya yi cefanensa. Da an tashi kasuwa manoma su kawo kwandalolin a ba su kuɗi.

Dala ɗaya ta zama biyu

Wanda ake dangantawa da fara haɗa tallafin abinci da kasuwar manoma shi ne Gus Schumacher, ɗan gidan manoma, wanda a 1986, yana kwamishinan aikin gona na jihar Massachusetts, ya fara raba wa mata masu ƙananan yara takardun sayen kayan lambu a kasuwa. A 1992 majalisa ta mayar da wannan shiri na ƙasa a ƙarƙashin WIC, wato tallafin mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da gwamnatin tarayya ta ƙayyade dai bai taka kara ya karya ba: dala 10 zuwa 30 ga mutum guda a shekara.

Dabarar da ta fi tasiri ita ce ta ninka kuɗi. A 2005 hukumar lafiya ta birnin New York ta fito da takardun Health Bucks, inda daga bisani, na tsawon wasu shekaru, aka riƙa ƙara dala 2 ga duk wanda ya kashe dala 5 na tallafinsa a kasuwa. A 2009 ƙungiyar Fair Food Network ta fara shirin Double Up Food Bucks a kasuwanni biyar na birnin Detroit: ka kashe dala ɗaya, a ba ka wata ɗaya, amma ta sayen kayan lambu da 'ya'yan itatuwan da aka noma a jihar kaɗai. Shirin ya bazu zuwa jihohi da dama.

Gwamnati ta gwada irin wannan ƙarfafawa a gundumar Hampden ta Massachusetts a 2011 da 2012, inda ake mayar wa mai saye senti 30 kan kowace dala da ya kashe a kayan lambu. Waɗanda suka samu rangwamen sun ci kayan lambu da 'ya'yan itatuwa fiye da sauran da kimanin kashi 26 cikin 100. Dokar aikin gona ta 2014 ta ware dala miliyan 100 domin irin waɗannan shirye-shirye, ta 2018 kuma ta ƙara kuɗin zuwa miliyan 250 na shekaru biyar, ta kuma sanya wa shirin sunan Schumacher, wanda ya rasu a 2017. Katin SUN Bucks shi ma ana karɓarsa a kasuwannin da ke karɓar na SNAP.

Wasu kasuwannin kuma yaran suke nufa kai tsaye. A 2011 kasuwar Oregon City ta ƙirƙiro wani kulob na yara, inda duk yaron da ya zo ake ba shi kwandalar dala 2 ya sayi abin da ransa ke so daga kayan lambu ko 'ya'yan itatuwa. Hikimar ita ce yaron da ya zaɓi karas da hannunsa, ya biya da kuɗinsa, ya kuma yi magana da wanda ya shuka shi, ya fi yiwuwa ya ci. Kasuwanni da yawa a faɗin ƙasar sun kwaikwayi tsarin. Akwai kuma waɗanda suka yi rajistar kansu a matsayin wurin rabon abincin bazara, ta yadda yara za su ci yayin da iyaye ke cefane, masu dafawar kuma su sayi wani ɓangare na kayan miyarsu daga manoman da ke wurin.

Misalin da ya fi jan hankali shi ne na birnin Flint a jihar Michigan. A 2014 hukumomi sun sauya tushen ruwan shan birnin, lamarin da ya sa gubar dalma daga tsofaffin bututu ta shiga ruwan, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta wata hanya dabam. Likitar yara Mona Hanna-Attisha ce ta fallasa ƙaruwar gubar a jinin yara a Satumbar 2015. A shekarar ce kuma asibitin yara na Hurley, inda take aiki, ya koma ginin kasuwar manoma ta birnin. Da yake abinci mai sinadarin ƙarfe da na ƙashi da bitamin C na rage yawan dalmar da jiki ke zuƙa, likitocin suka fara rubuta wa duk yaron da suka duba takardar karɓar kayan lambu, kamar yadda ake rubuta magani. Darajarta ta kai dala 15 daga baya, kuma saukowa ƙasan bene kawai iyaye za su yi su karɓa.

Batun halal

Ga iyalan Musulmi akwai ƙarin tambaya. Dokar tarayya ba ta wajabta ba da abincin halal ba, ta bar wa masu gudanarwa zaɓi, saboda haka a wurare da dama yaro Musulmi kan taƙaita ga cuku ko kifi ko man gyaɗa. Makarantun Dearborn a Michigan, birnin da ke da ɗimbin Larabawa, sun daɗe suna ba da naman halal. Birnin New York ya raba abincin halal a cibiyoyinsa a azumin 2020, sannan a Maris na 2025 gwamnan Illinois J.B. Pritzker ya sa hannu a kan dokar da ta buƙaci makarantun gwamnati su tanadi abincin halal da na Yahudawa ga wanda ya nema. Sharaɗin zama a ci nan take ya kasance matsala ga matasa masu azumi a shekarun da Ramadan ya faɗo cikin dogon hutu, kamar daga 2011 zuwa 2017. Kati da kwandalar kasuwa ba su da wannan cikas, domin uwa ce ke zaɓar abin da za ta dafa.

Iyakar abin da kasuwa za ta iya

Bai kamata a zuzuta girman rawar da kasuwannin ke takawa ba. A 2017, kimanin dala miliyan 22 na tallafin SNAP aka kashe a kasuwannin manoma da gonaki, daga cikin fiye da dala biliyan 60 da aka raba a shekarar. Kasuwar da ke ci sa'o'i huɗu ranar Asabar ba ta da amfani ga matar da ke aikin kanti a ranar, kuma ba a samun shinkafa da mai da madarar jarirai a cikinta. Dala 120 ɗin ma, idan aka raba ta kan kwanakin hutu, ba ta kai dala biyu a rana ba.

Masu suka daga ɓangaren 'yan mazan jiya na cewa ciyar da yaro haƙƙin iyayensa ne, kuma shirin da aka ƙirƙira lokacin annoba bai kamata ya dawwama ba. Masu goyon baya kuwa na nuni da cewa kuɗin na komawa ne aljihun manoma da 'yan kasuwar yankin.

Shekarar 2025 ta zo da sauye-sauye masu nauyi. A watan Maris gwamnatin shugaba Donald Trump ta soke shirye-shirye biyu da darajarsu ta haura dala biliyan ɗaya, waɗanda ke ba makarantu da rumbunan agajin abinci kuɗin saye daga manoman yankinsu. Kimanin dala miliyan 660 daga ciki na makarantu ne da wuraren renon yara. Ranar 4 ga watan Yuli ya sa hannu a kan dokar haraji da kasafi wadda ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta za ta rage kuɗin SNAP da kimanin dala biliyan 186 zuwa 2034. Wannan ya shafi abincin hutu, domin yaran gidajen da ke karɓar SNAP ana sanya su cikin SUN Bucks ne kai tsaye ba tare da iyaye sun cike takarda ba, kuma gidan da ya fita daga tallafin sai ya nema da kansa.

A watan Satumban shekarar ne kuma Ma'aikatar Aikin Gona ta sanar da cewa za ta daina fitar da rahotonta na shekara-shekara kan rashin tabbacin abinci, wanda aka fara tattara alƙalumansa a 1995, tana mai cewa siyasa ta shige shi kuma yana da tsada.